Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Sarkin da Ya Nemi Likita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa zama a aji a ƙasar nan ya ji sunan Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An san shi da yaƙi, an san shi da mulki, an kuma san shi ne ya kafa birnin Sakkwato. Abin da ba a cika faɗa ba, ko a makaranta ko a wurin wa'azi, shi ne wannan bawan Allah ya zauna da alƙalaminsa ya rubuta littafi a kan basir, da wani a kan tsutsar ciki, da wani a kan ciwon ido, alhali kuwa yana riƙe da ragamar daula wadda maƙiya suka kewaye ta kowace kusurwa.

An haifi Bello a shekarar 1781, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. A Ɗagel ya tashi, cikin gidan da karatu shi ne sana'ar maza da mata. Ya yi karatu wurin mahaifinsa, ya kuma daɗe ƙwarai gaban baffansa Malam Abdullahi, wanda ya ɗora shi a kan nahawu da lugga da fiƙihu da tafsiri. Yana da shekara 23 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, sa'ad da zama ya ƙi daɗi tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa. Ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekara, ya ga nasara. Ya kuma ga ranar Tsuntsuwa, inda aka kashe Musulmi wajen dubu biyu, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kamar ɗari biyu. Shekarun nan na farko shekaru ne na yunwa da zazzaɓi da raunin kibiya, kuma saurayin da ya ga haka da idonsa ba ya bukatar a gaya masa abin da rashin mai magani yake yi wa jama'a. A 1808 shi ne ya ja rundunar da ta ci Alƙalawa, a 1809 ya fara ginin Sakkwato, a 1812 ya gama Infaƙul Maisuri, littafin da har gobe duk mai son sanin tarihin jihadin nan sai ya bi ta kansa.

Da Allah ya yi wa Shehu rasuwa a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a. Bai hau gadon a cikin sauƙi ba. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa suka ɗaga kai, garuruwa da yawa suka ga dama ta samu suka kwance alkawari. Zuciyar Malam Abdullahi ma ba ta kwanta ba sai bayan da Bello ya kai masa gudummawa a Kalambaina, suka sasanta. Shekara ashirin ya yi yana sarauta, kusan babu ranin da bai fita yaƙi ba. Masu tarihi sun ruwaito cewa daga guminsa yake ci, ba ya taɓa baitulmali domin bukatar gidansa.

To, a cikin wannan hali ne ya yi rubuce-rubucensa na ilmin ɗibbu, watau likitanci. Kashi biyu ne. Akwai waɗanda ya tattara abin da ya zo daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da cuta da magani, irin su Al-Mawaridun Nabawiyya fil Masa'ilid Ɗibbiyya, da Ujalatur Rakibi fid Ɗibbis Sa'ibi. Sunan wannan na biyun ya isa ya nuna wanda aka rubuta dominsa, gama ujala a Larabci ita ce ɗan abincin da ake miƙa wa mahayi yana bisa sirdi, ba shi da lokacin zama. Sa'an nan akwai waɗanda ya keɓe wa cuta guda ko magani guda: Masugul Lujaini a kan ciwon ido, Al-Ƙaulul Mansuru a kan basir, Tanbihul Ikhwani a kan tsutsar ciki, da Al-Ƙaulus Sana a kan ganyen da Larabawa ke kira sana, watau filasko, da yadda ake wanke ciki da shi. Mai karatu ya lura da irin cututtukan da ya zaɓa. Cututtukan talakawa ne, na manomi da makiyayi da ɗan koli, waɗanda mutum kan ji kunyar faɗa ko ga ɗan'uwansa, balle a ce Sarkin Musulmi ya ɓata tawada a kansu.

Wannan kuwa ba sha'awa ce ta malami kawai ba, yana cikin yadda ya fahimci sarauta. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa masu sana'ar da jama'a ba ta iya zama sai da su, ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya sa masu magani a cikinsu, ya nuna cewa aikin shugaba ne ya kula da su, ya kuma rarraba su kowane gari da kowane ƙauye ya sami rabonsa. Watau a wurin Bello, ƙauyen da ba shi da mai magani hujja ne a kan sarkinsa.

A watan Maris 1824 wani Bature ɗan ƙasar Birtaniya, Kyaftin Kilafaton, wanda aka fi sani a nan da Abdullahi, ya iso Sakkwato ta hanyar Borno da Kano. Abokin tafiyarsa, likita Odni, ya rasu a hanya kusa da Katagum. Kilafaton ya rubuta cewa ya tarad da sarki mai kwarjini, wanda ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Nasara na dā har ya rasa amsa, wanda kuma ya san taurari da buruji da sunayensu. Da zai koma, Bello ya ba shi takarda zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu, a ciki akwai maganar ciniki da maganar hana sayar da bayi zuwa bakin teku, akwai kuma bukatar a aiko da jakada da likita su zauna a ƙasarsa. Ingilishi suka amsa. Suka haɗa Kilafaton da wani likita mai suna Dikson, da niyyar ya zauna Sakkwato. Allah bai nufa ba. Dikson ya rabu da ayarin a bakin teku don ya biyo ta Dahome, ba a sāke ganinsa ba, sauran Turawan kuma zazzaɓi ya kashe su tun ba su yi nisa ba, ya rage daga Kilafaton sai baransa Landa.

Su biyun nan suka biyo ta ƙasar Yarbawa da Busa da Nufe, suka keta dajin Kamuku da damina, suka sauka a tsohon garin Birnin Gwari a farkon watan Yuli 1826, kafin su wuce Zariya da Kano. Bisa ga abin da Kilafaton ya rubuta, Birnin Gwari a lokacin tana cikin garuruwan da suka yi tawaye bayan rasuwar Shehu. Saboda haka akwatunan kyautar Sarkin Musulmi sun kwana a garin da ba ya bin Sarkin Musulmi, suka kuma fita lafiya. A cikin akwatunan akwai littattafan Larabci da aka buga a Turai, har da lissafin Uƙlidis da littafin Ibn Sina. Bello ya yi murna ƙwarai da Uƙlidis, domin gidansu sun taɓa mallakar kwafe guda da wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Likita dai bai zo ba, sai littafi ya iso a madadinsa.

Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, shi ne mai Al-Ƙanun fid Ɗibbi, littafin da makarantun likitanci na Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantarwa. Idan mutum na son ya auna zurfin ilmin da Bello ke nema, da kuma nisan da aka yi daga zamaninsa zuwa yau, ya ɗauki cuta guda wadda babu gidan da bai san ta ba, watau ciwon ɓarin kai. Larabawa suna kiransa shaƙiƙa, daga shaƙƙa, ya tsaga, domin yana raba kai biyu ya kama ɓari guda. Ya tabbata cikin Sahihul Bukhari, daga Ibn Abbas, cewa an yi wa Manzon Allah ƙaho a kansa yana cikin harami saboda shaƙiƙa. Ibnul Ƙayyim ya yi fasali guda a kan ciwon kai da shaƙiƙa cikin Zadul Ma'adi, ya ambaci ɗaure kai da shafa lalle, amma ya yi gargaɗi cewa dalilan ciwon kai suna da yawa, maganin da ya dace da wani bai dace da wani ba, lalle kuma na wani nau'i ne kawai. Wannan gargaɗi yana da kyau masu tallar magani guda na cuta arba'in a bakin kasuwa su ji shi.

Ibn Sina ya rarrabe ciwon kai iri iri, ya siffanta mai ciwon da ba ya son haske ko ƙara, ba abin da yake so sai ya kwanta shi kaɗai a ɗaki mai duhu. Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya lura da yadda jijiyar jinin da ke gefen goshi take bugawa idan ciwon ya tashi, har ya bayyana yadda ake ɗaure ta a yanke ta, ko a yi mata lalas, idan sauran magunguna sun gaza. Tsagar da wanzamai ke yi a gefen goshi ba ta rasa dangantaka da wannan tunani. Abin mamaki, likitocin zamani ma sun daɗe a kansa. A 1938 wani likita a Amurka mai suna Wulf ya nuna cewa maganin agotamin yana rage bugawar jijiyar nan, ciwon kuma yana sauka tare da ita, saboda haka aka yi shekaru wajen hamsin ana ɗauka buɗewar jijiyoyin jini ita ce tushen cutar.

Bincike na baya ya mai da maganar cikin ƙwaƙwalwa. Akwai wata jijiya mai rassa uku a kowane ɓari na kai, reshe guda ya nufi goshi da ido, guda kumatu, guda muƙamuƙi, ita ce kuma ke kai saƙon zafi daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. A 1990 masu bincike biyu, Godsbi da Edbinson, suka gano cewa idan shaƙiƙa ta tashi wani sinadari da ake kira CGRP, wanda wannan jijiya ke fitarwa, yana ƙaruwa cikin jini. A 1991 aka fito da sumatiriftan, maganin da aka yi musamman don kashe ciwon in ya taso, a 2018 kuma aka yarda da allurar farko mai toshe hanyar sinadarin nan. Yanzu an san cutar tana bin jini a dangi, tana kama kusan mutum guda cikin bakwai a duniya, mata sun fi maza ninki biyu zuwa uku. Takan zo da tashin zuciya da amai, ta yi daga sa'a 4 har kwana 3, wasu kuma kafin ta zo sukan ga walƙiya ko wasu zane-zane a idonsu, abin da kan sa a ce aljanu ne ko sammu. Yunwa da ƙishirwa da rashin barci da damuwa da lokacin al'ada suna tayar da ita, don haka masu ita sukan sha wuya a farkon Azumi, kuma wanda ciwon ya kayar da shi marar lafiya ne, shari'a ta ba shi damar ya sha ya rama.

Sabuwar allurar nan tana da tsada, ba ta talaka ba ce. Amma akwai magunguna masu araha da aka daɗe da sanin suna rage yawan tasowar ciwon, kamar furofuranolol da amitiriftilin, waɗanda likita ne ya kamata ya rubuta su. Akwai kuma tarkon da mutane da yawa suka faɗa ba su sani ba: wanda ke shan farasitamol ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, ko masu ƙarfi irin tiramadol kwana 10, maganin da kansa yakan koma ya zama mai kawo ciwon kai na kullum. Game da ƙaho, wanda zai yi shi ya tabbata aska sabuwa ce, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin askar da aka yi wa wani aiki da ita. Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya kamar an sara, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da mutuwar hannu da ƙafa, ko ya kama mai ciki tare da kumburi, wannan ba na ƙaho ba ne, ba kuma na jira ba.

Ita dai jijiyar nan mai rassa uku tana da wata cuta tata, wadda ba ta kai shaƙiƙa yawa ba amma ta fi ta azaba. Zafi ne kamar na wutar lantarki a ɓarin fuska, ya yi daƙiƙa kaɗan zuwa minti biyu ya tafi, ya sāke dawowa. Tauna tana tayar da shi, haka asawaki, haka iskar hunturu, haka ruwan alwala in ya taɓa kumatu, har a ga dattijo yana tsoron wanke fuskarsa. Da yawa an cire musu haƙora masu lafiya a banza. Wani likita Musulmi, Isma'ilu Al-Jurjani, wanda ya rasu a Marwa wajen 1136, ya siffanta irin wannan ciwo cikin littafinsa na Farisanci Zakhira, ya danganta shi da jijiyar jini da ta matso kusa da jijiyar fuska. Sai bayan shekara ɗari takwas, a 1934, wani likitan fiɗa a Amurka mai suna Dandi ya ba da labarin ya ga hakan da idonsa a wurin aiki, daga 1967 kuma Janeta ya kyautata fiɗar da ake raba jijiyoyin biyu a sa ɗan matashi tsakaninsu. Tun 1962 aka san kabamazefin, maganin farfaɗiya, yana kwantar da wannan ciwo ga mafi yawan masu shi, farasitamol kuwa ba ya yi masa kome. Kada a haɗa shi da abin da Larabawa ke kira laƙwa, watau karkacewar baki da mutane ke cewa marin aljani. Ibn Sina ya yi bayaninta, ita kuma wata jijiya ce dabam ta kumbura, mafi yawa sukan warke cikin makonni ko watanni, musamman in an fara magani cikin kwana uku aka kuma kiyaye idon da ba ya rufuwa.

Duk wannan ilmi ya samu, amma sharaɗin da Bello ya kafa wa Ummarun Dallaje shi ne ya isa ƙauye. Dajin da littafin Ibn Sina ya ratsa lafiya a 1826, wanda aka mai da wani sashensa Gandun Kamuku na ƙasa a 1999, shi ne ya zama maɓoyar 'yan bindiga a shekarun 2010. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro, aka kashe mutane da yawa a Gwaska a watan Mayu 2018, ƙauyuka suka watse, ma'aikatan lafiya suka bar ƙananan asibitoci. Matar da ke fama da shaƙiƙa a irin wannan wuri, ga fargaba ga rashin barci, ba ta da wurin zuwa sai teburin mai sayar da ƙwayoyi, shi kuwa abin da ke gabansa zai ba ta. A ƙarshen 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka sāke buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Komowar kasuwa alheri ne, sai dai a lissafin Usulus Siyasa mahauci da mai magani a layi guda suke.

Zuwan Kilafaton na biyu bai ƙare da daɗi ba. Ya tarad da yaƙi ya ɓarke tsakanin Sakkwato da Shehu Laminu na Borno, shi kuwa yana ɗauke da takarda da kyautai har da makamai zuwa Borno. Bello ya hana shi wucewa, ya karɓe kayan. Maganar ciniki da ta bayi duk suka sha ruwa, cinikin bayi ya ci gaba a daular kamar yadda yake. Kilafaton ya kwanta ciwo, ya mutu ran 13 ga Afrilu 1827, Landa ya binne shi a wani ƙauye kusa da Sakkwato. Ba a sāke maganar aiko da likita ba.

A shekarunsa na ƙarshe Bello ya fi zama a Wurno, ribaɗin da ya gina don tsare arewa, yana zaunar da Fulani makiyaya a garuruwa, yana sa a koya wa 'ya'yansu karatu da sana'a. A wannan zamani ne Alhaji Umarul Futi ya sauka wurinsa a kan hanyarsa ta komowa daga Makka, ya yi shekaru, har Bello ya ba shi 'yarsa aure. A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa suka haɗa kai, ya fita da kansa ya karya su a Gawakuke. Wannan ne babban yaƙinsa na ƙarshe. Ya yi jinya mai tsawo, Allah ya karɓi ransa a Wurno a watan Oktoba 1837, yana da shekara 56, aka binne shi a can. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Wazirinsa Giɗaɗo ɗan Laima ya rubuta labarin halayensa, ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya. Littattafansa na magani suna nan da rubutun hannu a ɗakunan ajiya na Sakkwato da Kaduna da Zariya da Ibadan. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.